Hoton faifai: yadda ake adana kwamfuta gaba ɗayanta, da yadda ake dawo da ita

Tambaya: Assalamu alaikum. Kwamfutata mai Windows ce, kuma na sha wahala kafin na saita ta yadda nake so, da manhajojin aikina da firinta da sauransu. Nakan kwafe fayilolina a faifan waje lokaci-lokaci, amma wani ya ce mini hakan bai isa ba, sai na ɗauki hoton faifan gaba ɗaya. Mene ne bambancin? Wace manhaja ta dace, kuma idan faifan ya mutu yaya zan dawo da komai?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Wanda ya ba ka wannan shawara ya faɗi gaskiya, sai dai kada ka daina kwafin da kake yi saboda ita. Kowanne da aikinsa.

Idan ka buɗe kwamfutarka ka ga C:, ba shi kaɗai ne a cikin faifan ba. A kwamfutocin Windows na yanzu akwai wani ɗan ƙaramin sashe da ake kira EFI, wanda galibi bai wuce megabait 100 zuwa 260 ba, kuma daga nan ne na'urar ke fara tashi. Akwai wani na megabait 16 da Microsoft ke keɓe wa kansa, akwai kuma sashen gyara. A farkon faifan kuwa akwai jadawalin da ke nuna inda kowane sashe ya fara da inda ya ƙare, ko na tsohon tsari MBR ko na sabo GPT. Duk waɗannan a ɓoye suke, ba za ka gan su a cikin foldojinka ba balle ka kwafe su. Ko a cikin C: ɗin ma, rajistar Windows, inda kowace manhaja ta rubuta saitinta da lasisinta, a kulle take muddin Windows yana aiki. Shi ya sa ko ka kwafe foldar Program Files kaf ɗinta zuwa sabon faifai, yawancin manhajojin ba za su buɗe ba, kwamfutar ma ba za ta tashi ba.

Manhajar ɗaukar hoto ba ruwanta da sunayen fayiloli. Tana karanta faifan ne gunduwa-gunduwa, ta haɗa da ɓoyayyun sassan nan da jadawalin, ta matse su, ta zuba a cikin babban fayil guda ko 'yan kaɗan. Ranar da ka mayar da wannan hoton a kan faifai, kwamfutar za ta tashi daidai yadda take a ranar da aka ɗauka, har da hoton bangonta da firintar da ka sha wahalar saitawa. Akwai wani aiki mai kama da wannan, wato kwafe faifai kai tsaye zuwa wani faifan ba tare da an bi ta fayil ba. Wannan ya dace da ranar da za ka canza tsohon faifai da SSD, wato sabon nau'in faifai mai sauri, amma ba ajiya ba ce mai kyau, domin yana cinye faifai guda sukutum a kan kwafi ɗaya tak. Hotuna kuwa za ka iya tara da yawa, na ranaku daban-daban, a faifan waje ɗaya.

Ka riƙe wannan magana ta "yadda take a ranar da aka ɗauka", domin nan ne iyakar hoton take. Idan na watan jiya ne, to watan jiya zai mayar da kai, kuma mayarwar tana shafe duk abin da ke kan faifan a lokacin. Duk takardar da ka rubuta bayan ɗaukar hoton ta tafi, sai in tana cikin kwafin nan naka. Saboda haka hoto na tsarin kwamfutar ne, wanda ba kullum yake canzawa ba, kwafin fayil kuma na aikin yau da gobe ne.

Batun manhaja ba shi da wuya kamar yadda ake zato. Windows yana da tasa a cikin Control Panel, ƙarƙashin Backup and Restore, mai ɗauke da sunan Windows 7 har yau. Tana aiki, amma tun 2017 Microsoft ya sanar cewa ya daina inganta ta, ya kuma ba mutane shawarar su nemi ta wasu kamfanoni, don haka ba na son mutum ya jingina da ita kaɗai. Macrium Reflect ta daɗe tana kan gaba wajen masu gyara, sai dai kamfanin ya janye nau'inta na kyauta, gyaran tsaronsa ma ya tsaya a farkon 2024, yanzu sai ta kuɗi. Acronis True Image ita ma ta kuɗi ce, ko da yake wasu masu ƙera faifai irin su Western Digital da Crucial suna ba da wani taƙaitaccen nau'inta kyauta ga wanda ke da faifansu. Veeam Agent na Windows yana da nau'in kyauta mai kyau ƙwarai, yana ɗauka da kansa a lokacin da ka tsara masa. Sai Clonezilla, wadda aka ƙirƙira a wata cibiyar kwamfuta ta ƙasar Taiwan. Kyauta ce, ba ruwanta da ko Windows ne ko Linux, amma fuskarta rubutu ne zalla, kuma tana kiran faifai da sunaye irin sda da sdb da nvme0n1, inda kuskuren harafi ɗaya kan sa mutum ya shafe faifan da yake son ceto. Rescuezilla tana yin irin aikinta, tana ma karanta hotunanta, amma da linzami ake sarrafa ta. A ganina, mutum irinka mai kwamfuta ɗaya ta aiki, ya ɗauki wadda ke zaune a cikin Windows tana ɗauka da kanta, domin ajiyar da sai an tuna an yi ta ba ta cika ɗorewa ba.

Manhajojin nan rukuni biyu ne, kuma bambancinsu ya fi na fuska. Clonezilla da Rescuezilla sai an kashe Windows an tashi kwamfutar daga filashi, su ɗauki faifan yana kwance babu mai taɓa shi. Sauran kuwa suna ɗauka kana tsaka da aiki, ta hanyar wata hidima ta Windows mai suna VSS, wadda ke daskarar da yanayin faifan na wani ɗan lokaci, ta riƙa adana tsohon abin da ke wuri kafin a rubuta sabo a kansa, har manhajar ta gama karantawa. Idan ka taɓa ganin ɗaukar hoto ta tsaya da kuskuren da ya ambaci VSS, sau da yawa ƙarancin wuri ne a kan faifan, ko wata manhajar tsaro ce ta shiga tsakani.

Kafin ka ɗauki na farko, duba lafiyar faifan da wata 'yar manhaja irin CrystalDiskInfo, ka kuma gudanar da chkdsk, umarnin Windows mai duba kurakuran faifai. Idan faifan ya riga ya fara ƙara, ko lissafin wuraren da suka lalace yana hawa, kada ka saka masa manhajar hoto ta yau da kullum. Za ta tsaya a wurin farko da ta kasa karantawa, ko ta yi ta nanata shi har ta ƙarasa faifan. Wannan aikin wata manhaja ce mai suna ddrescue, mai tsallake wurare masu wuya ya kwashe masu sauƙi tukuna, sannan ya dawo. Haka nan idan kana zargin akwai bairos, share shi kafin ɗauka, domin hoto ba ya tace komai, da mai kyau da marar kyau duk yake kwashewa.

Faifan wajen da za ka zuba hoton ya kasance an yi masa fomatin da tsarin NTFS ko exFAT. FAT32 ba ya karɓar fayil da ya wuce gigabait 4. Girmansa kuma ka auna shi da abin da ke cikin kwamfutar, ba da girman faifanta ba, tunda wurin da aka yi amfani da shi kawai ake ɗauka. Windows da manhajoji suna matsuwa sosai, bidiyo da hotunan kyamara kuwa kusan yadda suke za su shiga, domin an riga an matse su tun asali. Ka nemi faifan da zai ɗauki cikakkun hotuna biyu ko uku ya bar sarari. Ka kuma lura da ramin da ka soka shi: gigabait 100 a gudun megabait 100 cikin daƙiƙa ba ta kai minti 20 ba, amma a tsohon ramin USB 2.0 za ta kusan cinye awa guda.

Idan da filashi za ka ɗauka, akwai tarko biyu. Na farko Fast Startup: idan ka danna kashewa a Windows 10 ko 11, sau da yawa ba mutuwa yake yi gaba ɗaya ba, wani irin barci yake yi ya bar faifan a rabin buɗe. Ka riƙe Shift lokacin da kake danna Shut down, ko ka kashe wannan saitin dungurungum. Na biyu BitLocker, tsarin Windows mai kulle bayanan faifai, kuma wannan ya fi girma. Mutane da yawa ba su san faifansu a kulle yake ba, domin sababbin kwamfutoci kan zo da shi a kunne, kuma daga Windows 11 na 24H2 yana kunna kansa a sabon girkawa idan aka shiga da asusun Microsoft. Buɗe wurin rubuta umarni da ikon mai gudanarwa, ka rubuta manage-bde -status ka gani. Idan a kulle yake, Clonezilla ba za ta gane inda bayani yake da inda babu komai ba, sai ta kwashe sashen baki ɗaya, hoton ya yi girman sashen kansa, kuma ba zai matsu ba. Manhajojin da ke ɗauka daga cikin Windows kuwa a buɗe suke ganin bayanan, don haka hoton da suka fitar ba shi da wannan kullin. Ma'ana duk wanda ya tsinci faifan wajen ya samu komai naka, sai in ka sa wa hoton kalmar sirri. Ka sa, ka kuma rubuta ta a wani wuri da ba cikin kwamfutar ba, domin idan ta ɓace babu kamfanin da zai buɗe maka. Mabuɗin ceto na BitLocker ma, mai lambobi 48, ka nemo shi a asusunka na Microsoft ka rubuta a takarda tun yau. A watan Yulin 2024, lokacin da wani sabuntawa na kamfanin tsaron kwamfuta CrowdStrike ya durƙusar da kwamfutocin Windows kusan miliyan 8.5 a duniya, gyaran kansa share fayil ɗaya ne, amma wurare da dama sun makale ne a kan neman waɗannan lambobin.

Yanzu ga abin da na fi so ka ba muhimmanci, fiye ma da zaɓen manhaja: filashin ceto. Ranar da faifanka ya mutu, manhajar da ka girka ta mutu tare da shi. Abin da zai karanta hoton ya mayar da shi dole ya taso daga waje. Yawancin manhajojin suna da wurin da ake ƙirƙirar wannan filashi, kuma aikin minti kaɗan ne, amma mutane kan ce sai gobe. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙirƙira shi a ranar da ka girka manhajar, kuma kada ka tsaya nan: kashe kwamfutar, ka tashe ta daga filashin. Maɓallin zaɓen wurin tashi ya bambanta, galibi F12 ne a Dell da Lenovo, F9 a HP, wasu kuma Esc. Idan ta tashi, duba abu uku. Shin tana ganin faifan cikin kwamfutar? Shin tana ganin faifan waje da hoton da ke cikinsa? Shin allon rubutu da linzami suna aiki? Na farkon ne ya fi ba da matsala. Kwamfutocin hannu da yawa masu Intel daga ƙarni na 11 zuwa sama suna ɓoye faifan NVMe, wani nau'in SSD, a bayan wani tsari mai suna VMD, idan filashin ba shi da direbansa, wato 'yar manhajar da ke sa a gane shi, sai ya nuna maka kamar babu faifai kwata-kwata. Maganinsa ƙara direban Intel RST a cikin filashin, abin da ke da sauƙi yau da kwamfutar ke aiki, ya kuma zama tashin hankali ranar da ba ta tashi. Idan har sai ka kashe Secure Boot, wani saitin tsaro na lokacin tashin na'ura, kafin filashin ya tashi, ka sani hakan kan sa BitLocker ya nemi lambobin nan 48 a tashi na gaba, don haka su kasance a hannunka, ka kuma mayar da saitin idan ka gama.

Ɗaukar kanta ba wani abu ba ce. Zaɓi faifan gaba ɗaya, ba C: kaɗai ba, ko ka danna zaɓin da ke cewa a haɗa duk sassan da Windows ke buƙata don tashi. Nuna wurin ajiyewa, sa masa suna mai kwanan wata, ka kunna zaɓin tantancewa bayan an gama, wanda ke sake karanta hoton ya tabbatar bai lalace ba. Kwamfutar hannu ta kasance a jone da wuta.

Bayan cikakken hoto na farko, manhajoji da yawa kan ba ka zaɓi biyu na ƙari. Ɗaya yana ɗaukar abin da ya canza tun daga hoton da ya gabace shi, kowane iri ne. Yana da sauri, ba ya cin wuri, amma sarƙa ce: idan ɗaya ya lalace a tsakiya, duk na bayansa sun tashi a banza. Ɗayan kuma yana ɗaukar duk abin da ya canza tun daga cikakken hoto na ƙarshe, yana ƙara girma kullum, amma fayil biyu kawai kake buƙata ranar mayarwa. Ga kwamfutar mutum ɗaya, cikakke sau ɗaya a wata da ƙari a kowane mako ya wadatar. Clonezilla ba ta da wannan, kullum cikakke take ɗauka. Kada ka riƙa share waɗannan fayiloli da hannu don neman wuri, bar manhajar ta yi da ƙa'idar da ka sa mata. Sannan ka ɗauki na musamman kafin duk wani babban canji. Wanda zai tashi daga Windows 10, da tallafinsa ya ƙare ranar 14 ga Oktoba 2025, zuwa Windows 11, kwana 10 kacal tsarin ke ba shi ya koma baya, hoto kuwa ba shi da wa'adi.

Idan an gama ɗauka, zare faifan wajen. Bairos ɗin da ke kulle fayiloli ya nemi kuɗin fansa yana bin duk faifan da ke jone, kuma da gangan yake neman ajiya ya lalata. Hoton da aka ajiye a wani sashe na faifan cikin kwamfutar kuwa, D: ko E:, tare za su mutu da C: tunda abu ɗaya ne aka raba. Ƙa'idar da aka saba da ita ita ce kwafi 3, a kan ma'aji iri 2, 1 daga ciki a wani gini daban. Ko ba ka kai nan ba, faifan waje biyu da kake musanyawa sun fi ɗaya nesa ba kusa ba. Lokaci-lokaci ka buɗe hoton daga cikin Windows, domin yawancin manhajojin suna nuna shi kamar wani faifai, ka ciro fayil ɗaya ka buɗe. Wannan ma wata fa'ida ce: ba sai ka mayar da komai ba don takarda guda da ka share bisa kuskure. Gwajin da ya fi kowanne shi ne mayar da hoton a kan wani faifan da ba ka amfani da shi, ka ga ya tashi.

To ranar mayarwa. Idan Windows ne ya rikice amma faifan lafiya lau, fara tashi daga filashin ka kwashe sababbin fayilolinka zuwa waje, kafin ka taɓa komai. Kada ka yi tunanin za ka nemo su daga baya, musamman a SSD, inda abin da aka shafe ba ya cika dawowa. Idan faifan ne ya mutu, cire shi ka sa sabo. Ba sai ka yi masa fomatin ba. Tashi daga filashi, nuna hoton, nuna faifan da za a zuba. A wannan mataki ka dakata ka karanta girma da sunan kamfanin faifan sau biyu, kada ka dogara da harafi, domin a cikin filashin ceto haruffa kan juye, C: ya koma D: ko E:. Duk faifan da ba ya cikin aikin ka zare shi tukuna.

Sabon faifan ya kai girman tsohon ko ya fi shi. Nan ma akwai wani ɗan tarko: faifai mai gigabait 512 da mai 500 da mai 480 duk ana yi musu kallon abu ɗaya wajen saye, amma Clonezilla za ta ƙi zuba hoton 512 a kan 500 ko da rabinsa babu komai, sai an rage sashen tun kafin ɗauka. Manhajojin kuɗi da Veeam sukan iya rage shi lokacin mayarwa, muddin bayanan za su shiga. Idan sabon ya fi girma, ragowar za ta zauna babu kowa sai ka faɗaɗa C:, kuma wani lokaci sashen gyara kan tsaya a tsakani ya hana, sai an matsar da shi.

Idan an gama ta ƙi tashi, kada ka yanke hukuncin hoton ya lalace. Mafi yawan lokuta tsarin tashi ne bai dace ba: faifan GPT yana son sabon tsarin tashi UEFI, na MBR yana son tsohon tsarin BIOS, don haka shiga saitin na'urar ka daidaita. Idan ba shi ba ne, filashin yawancin manhajoji yana da maɓallin gyaran tashi, ko ka yi da hannu da umarnin bcdboot, wanda ke sake rubuta fayilolin tashi a sashen EFI. Kada kuma ka bar tsohon faifan da sabon a jone tare a tashin farko, domin lambar shaidarsu ɗaya ce, Windows kan rikice ya kashe ɗaya.

Mayarwa a kan wata kwamfuta daban wani babi ne. Windows 10 da 11 sun fi na da haƙuri, sau da yawa sukan tashi su nemo direbobi da kansu. Inda suke faɗuwa shi ne direban mai sarrafa faifai, sai ka ga shuɗin allo da rubutun INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE. Macrium tana da ReDeploy saboda wannan, Acronis kuma Universal Restore. Lasisin Windows ɗin da ya zo tare da kwamfuta kuwa a ɗaure yake da madabod ɗinta, ba ya bin hoto zuwa wata, kuma wasu manhajojin kuɗi za su nemi a sake kunna su. Mai Mac ya bar duk wannan ya riƙe Time Machine, manhajar ajiya ta Apple, domin tun macOS Big Sur na 2020 Apple ya rufe sashen tsarin da hatimi, hanyar da aka fi bi yanzu ita ce sake girka tsarin sannan a jawo bayanai.

Da kwamfutar ta tashi, aiki bai ƙare ba. Ta koma ranar da aka ɗauki hoton, don haka duk gyaran tsaro da ya fito bayan nan babu shi: sabunta Windows da burauza da manhajar tsaro kafin ka shiga banki ko imel. Kalmomin sirrin da ka canza a tsakani za a sake tambayarka. Manhajojin da ke daidaita fayiloli da intanet, irin OneDrive, ka sa musu ido a karon farko, ka tabbatar sababbin fayiloli suke saukowa da su. Sannan ka dawo da takardunka daga kwafin da kake yi, ka duba ko BitLocker yana kunne, idan ka sake kunna shi ka adana sabon mabuɗin, ka ɗauki sabon cikakken hoto na faifan da ka sa.